Makin da Nake Rubuta wa Mama

Talata, ƙarfe goma da rabi na safe

Ranar Alhamis ce, makonni bakwai da suka wuce. Mama, mahaifiyar mai gidan, ta zo mana kwana biyu don ta auna tagogi ta ɗinka mana labule. Na goge ƙasa, na shiga ɗaki, na tura ƙofa. Saura min shafi talatin da ɗaya in gama littafin da ke hannuna, daidai inda yarinyar take tsaye a tashar jirgi, saurayin kuma bai san ta zo ba. Na gama shi. Ya iso kafin jirgin ya tashi, kamar yadda suke isowa kullum.

Da na fito, Mama tana kwance a lungun da ke tsakanin falo da banɗaki, tef ɗin awo a wuyanta.

Iyakar abin da zan rubuta game da ranar ke nan.

Ƙashin ƙugu ne. An yi mata aiki, ta yi kwana goma sha biyu a asibiti, aka sallamo ta nan domin ɗakinta a saman bene yake, kuma ita kaɗai ce. Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo. Mama tana kan gadonmu, ni ina kan katifa a bakin ƙofa, mai gidan yana kan doguwar kujera da ƙafafunsa a waje. Watanmu bakwai da aure. Wannan littafin rubutun na saye shi ne don in fara rubuta labarina na farko, na wata yarinya mai sayar da furanni. Ga abin da ya koma.

Jiya mun je wurin likitar gashin ƙashi. Ta sa Mama ta tashi daga kujera, ta taka zuwa wani jan layi, ta juyo ta zauna, ita kuma tana duba agogo. Sakan goma sha huɗu. Ta ce ƙafa ta yi kyau, abin da ya rage tsoro ne, kuma tsoro yana kayar da tsohuwa kamar yadda santsi yake yi. Na sunkuyar da kai ina gyara jakata.

Sai ta ba ni takarda mai tambayoyi goma. A kowace tambaya Mama za ta ba kanta maki daga sifili zuwa goma, gwargwadon yadda ta yarda za ta iya abin ba tare da ta faɗi ba. Sau biyu a mako, Laraba da Asabar, ni zan rubuta. Likita ta ce a asibiti tsofaffi abin da zai faranta mata rai suke gaya mata, a gida ake jin gaskiya. Idan jimla ta kai saba'in cikin ɗari, za ta sa hannu Mama ta koma ɗakinta. Idan ba ta kai ba, tana nan.

Saba'in. Tun jiya nake juya kalmar a bakina.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna a gefen gado da biro. Tambayar farko a kan shara ce. Mama ta ce ai tana da mai yi mata. Ta biyu, wanka. Ta ce wa ya aiko ni. Da na ce lamba ake so, ta ce shekara arba'in tana ɗinki, ta auna kafaɗa, ta auna ƙugu, har ciki mai wata tara ta auna, amma ba ta taɓa jin inda aka auna tsoro ba.

"Ke Malama da kika haɗiye littattafai, sa duk abin da ya yi miki."

Malama take ce min tun kafin aurenmu. A da ina dariya idan ta faɗa.

Sai dabara ta zo min. Na ɗauko tef ɗinta, na ce daga bakin ƙarfen zuwa inci goma, ta ɗora babban yatsa a inda zuciyarta ta tsaya. Nan take ta gane. Ta gyara zama, ta riƙe shi kamar mai kawo ɗinki ta shigo.

Wanka, uku. Sunkuyawa ta ɗauki takalmi, biyu. Zuwa buɗe ƙofa idan an ƙwanƙwasa, biyu. Hawa bene, yatsan bai bar bakin ƙarfen ba. Tambaya ta bakwai a kan taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ce. Na karanta ta da sauri. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Jimla, ashirin da shida.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Mai gidan gyaran firji yake yi. Duk yini allurar ma'auni yake kallo, abin da ta nuna shi ne gaskiya a wurinsa. Ya riƙe takardar ya fi minti biyu, bai ko cire takalmi ba. Sannan ya tambaye ni me muke yi duk yini. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Daga ɗaki Mama ta ce masa ya ƙyale ni, ina ƙoƙari. Tun ranar farko, a motar asibiti, ta gaya masa cewa nan take na zo, ko minti ba a yi ba. Shi kuma haka yake maimaita wa dangi a waya. Duk lokacin da ya faɗa sai in tashi in shiga kicin in buɗe famfo.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Ban fita ba yau.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yatsan ya tsaya tsakanin uku da huɗu, na rubuta huɗu. Wannan ai ba ƙarya ba ce. A tambaya ta gaba ya tsaya a kan biyu cur, amma na ga kamar ya so ya matsa. Na rubuta uku.

Tef, ashirin da takwas. Takarda, talatin da biyar.

Mai gidan ya dawo ya gani, ya ce to, allura ta fara motsi. Ya fita ya sayo lemo, ya zauna a ƙasa kusa da katifata yana ɓarewa, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Rabon da ya zauna haka har na manta. Ya kira ni Gimbiya. A littattafai a daidai nan ake rufe babi. Mu kuwa Mama ta yi tari, na tashi na kai mata ruwa.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ta tagar kicin ina hango rumfar mai littattafai a tsallaken titi. Yana rataye sababbi a igiya da maƙalen shanya. Rubutun ba ya karantuwa daga nan, launi kawai nake gani. Yau akwai wani mai ruwan hoda, jiya babu shi. Na ƙirƙira masa labari har zuwa tsakiya kafin ruwan shayi ya tafasa.

Nawa suna cikin kwali biyu a ƙarƙashin gado, Mama tana kwance a kansu. Tun ranar ban buɗe ko ɗaya ba.

Ƙarfen tafiyar da aka ba ta, mai ƙafa huɗu, angona take ce masa. "Miƙo min angona." Ta ce ya fi marigayi biyayya, inda ta ajiye shi nan take samunsa. Da shi take zuwa banɗaki, ni ina baya riƙe da zanenta. Likita ta ce ta daina dogara da shi a cikin gida. Mama ta ce likita ba ta san daɗin sabon aure ba.

A lungun nan kullum sai ta tsaya kafin ta wuce. Tayil na huɗu daga ƙofar falo. Ni ma na fara tsallake shi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Tef, ashirin da tara. Takarda, arba'in da huɗu.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Yaya, yayar mai gidan, ta kira. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta ce Allah ya saka min, ta ce da gidanta bai cika da yara ba da tuni ta ɗauke min nauyin. Sannan ta tambayi maki. Duk dangi yanzu sun san maki, kamar sakamakon jarrabawa. Na ce hamsin da ɗaya. Ta ce ai ta san uwarsu, ƙarfe ce.

Tef ɗin ashirin da tara ya nuna, kamar na Laraba.

Ban fita ba yau. Ban fita jiya ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Asibiti. Sakan goma sha uku. A can akwai ƙarfen riƙewa a bango, ga Likita a gefe, sai Mama ta taka kamar ba ita ba. Likita ta ɗora lambobina a kan wata takarda ta ja layi, layin ya yi sama sumul. Ta ce rabon da ta ga irin wannan an daɗe. Ta tambayi Mama ya take ji, Mama ta ce alhamdu lillahi. Ta ce nan da mako biyu, idan an kai saba'in, shi ke nan.

Da za mu fita ta riƙe hannuna ta ce, "Ke fa, kina samun barci?"

Na ce ina samu. Idona ya kawo ruwa, na ce fanka ce. Da ta ƙara tambaya ɗaya, da na faɗa mata komai. Wata tsohuwa ta shigo da jikarta, Likita ta sake ni.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Talatin. Hamsin da takwas.

Yanzu har na iya tsara lambobin: kada su hau tare, ɗaya ya tsaya, wani ya ɗan sauka don a yarda. Ashe na iya rubuta labari.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Na fita.

Mai gidan bai je aiki ba, ya ce in je in share ɗakin Mama in buɗe tagogi ya sha iska kafin ta koma. Ni kaɗai a titi, babu zanen kowa a hannuna. Na bi doguwar hanya. Na tsaya a rumfar mai littattafai, ya ce ya ɗauka na yi ƙaura. Mai ruwan hodar an saye. Ban ɗauki komai ba, amma na shafa bangon guda uku. Na ji daɗi, kuma ba zan ce ban ji ba.

Ɗakin yana saman shagon mai wanki da guga. Ban taɓa ƙirga matakalar ba sai yau: goma sha tara. Siminti ne da ya sha tafiya har ya yi sulɓi a tsakiya. Ƙarfen riƙewa a gefe ɗaya yake, daga na goma sha biyu zuwa sama yana girgiza. Tururin guga yana hawowa ta ƙasa, bangon duk danshi. Na hau da bokiti, a tsakiya sai da na tsaya na huta. Shekarata ashirin da uku.

Ciki tsaf. Keken ɗinkinta a bakin taga an lulluɓe shi da zane. A kan tebur ga yadin labulenmu, yana jiran awo, ba a yanka ba. Na zauna a kujerarta na jima. Daga tagar ana ganin rufin gidaje da wayoyin lantarki. Idan mutum ya yi kira daga nan, ban san wa zai ji ba, injin wankin da ke ƙasa ba ya shiru.

Na dawo na yi tambayoyin. Sittin da huɗu na rubuta. A gaban hawa bene na sa shida.

Talata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ina banɗaki ina wankin zanin gado aka ƙwanƙwasa. Na ce ina zuwa, hannuna duk kumfa. Aka sake ƙwanƙwasawa. Da na fito sai na tarar Mama ta taso da kanta, babu ango, ta zo har lungu. Tana tsaye a gaban tayil na huɗu, tafin hannayenta biyu a manne da bango. Ba ta gaba, ba ta baya. Zufa ta jiƙa mata wuya. Ƙasa a bushe take ƙarau, na duba.

Na ce Mama ga ni. Ta ce kada in taɓa ta. Na tsaya, mai ƙwanƙwasawa ya gaji ya tafi. Ina kallon agogon falo: minti shida. Daga baya ta ce in kawo kujera, ta zauna a nan cikin lungun.

Can ta ce, "Na so in ga ko zan iya ne."

Buɗe ƙofa, a takardata, takwas ne.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na gama tambayoyin, ina haɗa jimla, ta ce in miƙo mata takardar ta yi fifita. Na miƙa. Ba ta yi fifitar ba. Ta nisanta ta daga ido, ta bi layin lambobin da farce tun daga sama.

"Karatunku ban iya ba, Malama, amma lamba ba ta ɓoye min. Na nawa ne benen?"

Na ce na shida.

"Bakwai kika sa min. Wannan awon wata matar ne."

Na durƙusa a gaban gadon. Ban san abin da na ce ba. Ta ce in tashi, ba ta ce na yi laifi ba. Yarinya ce ni, ina son ɗakina, ita ma tana son nata. Ta ce ta gaji da jin ɗanta yana juyi a kujera kamar kifi a kasko. Ta ce tun mako biyu ta gane, daga yadda biron yake jinkiri kafin ya sauka.

Sai ta ce in koya mata lambobin, kada Likita ta tambaye ta mu sha bamban.

Na ce, "Mama, idan kin koma, za ki iya sauka?"

"Wa ya ce miki zan sauka? A hau da ni sau ɗaya. Masu kawo ɗinki su hawo. Ga taga."

Ta miƙo min takardar, ta ce in cika saba'in ɗin yau, in daina ja mata rai.

Saba'in da biyu. Na tef ban haɗa ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Ya ɗaga ni sama a tsakiyar falo. Ya kira Yaya. Ya ce ranar Litinin daga asibiti kai tsaye za a wuce da Mama, ya riga ya yi magana da mai mota. Ya ce ranar Talata zai kai ni duk inda nake so. Na ce to.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Hadda muke yi. Ni ce Likita, ita ce tsohuwar takarda. Shara, takwas. Wanka, bakwai. Tana faɗa tana ɗaga haɓa, har da murmushin da za ta yi. Idan ta yi kuskure sai ta ce a sake daga farko, ba ta son aikin ha'inci. Muka yi dariya, mu biyu, irin wadda ba mu yi ba tun zuwanta. Da muka gama ta ce in miƙo mata angonta, za ta banɗaki. Na riƙe zanen.

Sau biyu ke nan tana rufa min asiri. Ban roƙe ta ko sau ɗaya ba, kuma ban san inda zan ajiye shi ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Akwai taga. Ni ma ina da taga.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yau ranar awo ce, ban ɗauko tef ba, ba ta tambaya ba. Mai gidan ya je ya ɗaure ƙarfen benen da waya, ya sa sabon ƙwan lantarki, ya ce yanzu ko jariri zai hau. Ya kawo jaka na haɗa mata kaya: magunguna, zannuwa huɗu, tabarau. Ta ce in ciro kwalayena daga ƙarƙashin gado in kakkaɓe su, ƙura ta ci su. Na ce sai ta tafi. Ta ce ai kamar ta tafi ne.

Na gwada rubuta labarin mai furanni. Layi biyu. Duk inda na kai ta sai ta tarar da bene.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ya fita gyaran wani firji da ya mutu. Na kai mata shayi, ta ce a yi haddar ƙarshe. Na zauna, na buɗe takardar, na rufe. Na ce ba zan yi ba. Na ce gobe zan gaya wa Likita.

Ta jima tana juya cokali. Ta ce ko na san abin da mijina zai ce. Na ce na sani. Ta ce zai fara tambaya, kuma mai tambaya ba ya tsayawa a inda ake so ya tsaya. Na ce na san wannan ma. Ta ce wata uku za a ƙara, ko shida, ko abin da ya fi haka, a kan katifar nan.

"Kin ɗaure mu duka biyu, 'yar nan."

Na ce eh.

Ta ajiye kofin bai kai rabi ba, ta juya fuska bango. Har yanzu ba ta juyo ba. Na fitar da kayanta daga jaka na mayar cikin durowa.

Ƙarfe tara za a gan mu. Zan shiga kafin su, in ce lambobin takardar nawa ne, nata talatin ne. Mama ba za ta hau benen gobe ba.